Kifaffiyar Alama

A layin nan, in ka tsaya kana tambayar gidan mai buga takardu na jami'a, kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Ƙwas-ƙwas, ko akuyar bakin kwata sai ta nuna maka ƙofar. Sunan ya same shi tun zamanin tafireta, lokacin da yake ɗauko aiki gida ran Asabar, ya ɗora tafiretar bisa tebur ya hana kowa rawar gaban hantsi. Tafireta ta mutu, aka kawo kwamfuta mai magana ƙasa-ƙasa, sunan kuwa ya ƙi mutuwa, don takalminsa ma abin da yake faɗa ke nan a kan siminti.

Gajere ne, siriri, mai farar riga da ta sha guga har tana neman yanka mutum. Biro uku ne a aljihunsa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ci arzikin aron ko ɗaya ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a sashen lissafi, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, inda taga ke kallon bango, fanka kuma ke juyawa don kar a ce ba ta zo aiki ba. Kujerarsa ta katako ce, da matashin da matarsa, Maman 'yan biyu, ta cusa wa tsumma. Matashin ya lotsa daidai shi. Wani in ya zauna a kai, sai ya ji kamar ya sa takalmin mutum.

Babban aikinsa a duniya takarda ce mai shafi sittin da huɗu, wadda wani Dakta ya rubuta wa ɗaliban shekarar farko shekara ashirin da shida da suka wuce. Darasin, ɗalibai na ce masa diskirit. Tela, wanda shagonsa ke manne da ƙofar gidan Ƙwas-ƙwas, ya ce shi ranar da ya fara jin sunan ya zaci biskit ne, har ya miƙa hannu.

"Lissafin abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai ne," in ji Ƙwas-ƙwas, yana gyara wuyan riga. "Kamar maɓallanka. Ban da abin da ake zubawa, kamar man keke."

"To sai kuma me, Yaya?"

Sai kuma shiru, don iyakar abin da shafin farko ya faɗa da bakin mutane ke nan. Sauran duk ya san su ne kamar yadda direba ya san ramukan hanya. Ya san a shafi na tara akwai zobba biyu da suka shige juna. Ya san a na hamsin da biyu akwai ɗigo-ɗigo da aka haɗa da layuka kamar igiyar shanya. A na ashirin da uku kuma an ce in tantabaru goma suka shiga ramuka tara, dole a sami biyu a rami ɗaya. Wannan ya taɓa yin kuskuren faɗa wa Tela, Tela ya kusa ɗinke yatsansa don dariya.

"Sai an je jami'a ake sanin wannan? Mu goma sha ɗaya muka tashi a ɗaki uku, Yaya. A ba ni satifiket ɗina."

Duk shekara sai ya sake buga takardar daga farko. Da can don takardar da ake gurzawa a inji a fitar da kwafi na yagewa, daga baya don Dakta ba ya son a ɗauki hoton takarda daga wani hoton, daga baya kuma don kwamfutocin sashen ba sa shekara da rai. Kuma doka ɗaya ya riƙe, yana faɗinta kamar an tambaye shi: "Ni abin da na gani nake bugawa. Ba na ƙari, ba na ragi." An ce wani malami ya taɓa zubar da shayi a takarda, mutane suka yi ta jira su ga ko Ƙwas-ƙwas zai buga tabon.

A cikin alamomin darasin akwai wasu biyu masu kama da juna kamar 'yan biyunsa. Ɗaya harafin V ce a tsaye, baki sama, ana karanta ta "ko". Ɗayar ita ce dai aka kife, baki ƙasa, ana karanta ta "da". A tsakiyar shafi na arba'in da ɗaya akwai wata doka da aka zana wa akwati, kuma a cikin akwatin, tun ranar farko, hannun Dakta ya zame ya rubuta kifaffiya inda ya kamata a ga tsayayya. Ƙwas-ƙwas ya gani, ya buga. Duk shekara sai an sami ɗalibi mai kaifin kai ya ɗaga hannu a aji, Dakta kuma ya ce da gangan ya bar ta don ya gane masu barci. Girman kai ya hana shi saukowa ƙarƙashin matakala ya ce a gyara. Haka kuskuren ya girma, ya yi gemu, Ƙwas-ƙwas bai san yana renon sa ba.

Shekara biyu da suka wuce idonsa ya fara. Wani tabo ne ya fito a tsakiyar duk abin da ya kalla, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Ya goge tabarau, ya sake tabarau, tabon na faɗi. Likita ya haska, ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce abin daga can ƙasan ido ne, tabarau ba ya kai wa nan, wuƙa ma ba ta kaiwa. Gefe-gefe zai riƙa gani: zai san mutum na tsaye, zai san ƙofa a buɗe take. Fuska da harafi kuwa, ya yi musu sallama.

A hanyar dawowa ya ce wa matarsa, "Ke, maganar nan a bakinki ta tsaya."

"Baban 'yan biyu, har yaushe?"

"Har in cika talatin da biyar. In fita ta ƙofa da ƙafata, da cikakkiyar ritayata, kamar kowa. Ba a ɗaga ni daga kujera a ce na lalace ba."

Daga nan ya koma ƙirga. Taku ɗari uku da goma daga gida zuwa inda ake shiga bas. Taku tamanin da shida daga ƙofar sashen zuwa ɗakinsa, da kwana ɗaya a na sittin. Mutane ya koma gane su da tari da jan ƙafa. In malami ya kawo wasiƙa a buga, sai ya ɗaga ta ya ɓata rai ya ce, "Wannan rubutun kamar kaza ta bi ta kan tawada. Karanta min in buga." Malamai kuwa duk sun san rubutunsu, ba wanda ya yi musu. Yatsunsa ba su taɓa buƙatar ido ba. Haka ya ja abin har saura wata bakwai.

Ran wata Litinin ya ji tarin Dakta a bakin ƙofa. Dakta ma ya tsufa, ƙafa ɗaya yake ja.

"Malam, takardar nan tamu za ta zama littafi. Masu ɗab'i na so ran Juma'a ta sama. Kwamfutar da ke da ita ta ƙone, sai ka sake bugawa."

"An gama, Yallaɓai."

Damin takardu ya sauka a tebur. Ƙwas-ƙwas ya ji sanyi a ransa, don wannan ko a cikin rijiya zai buga ta. Dakta ya juya, ya kai ƙofa, sai ya tsaya ya yi gyaran murya irin na wanda zai haɗiye magani.

"Akwai gyara ɗaya. Ɗaya tak. Na yi shi da jan biro, za ka gani."

"A wane shafi, Yallaɓai?"

"Haba Malam. Kai da ko ɗigo ba ya wuce ka? Za ka gani."

Ƙafar ta ja ta tafi. Ƙwas-ƙwas ya zauna da shafi sittin da huɗu a gabansa, fanka na kaɗa gefensu. A sashen babu wanda zai tambaya. Sakatariya in ta ji abu da safe, kafin azahar masu shara sun ji.

Bai taɓa fitar da takardar ofis ba tun da tafireta ta mutu. Ranar ya cusa ta cikin riga ya kai gida. Maman 'yan biyu ba ta karatu, amma ja ai ba sai da karatu ba. Ta shimfiɗa zane a tsakar gida da hantsi, ta bi shafi-shafi tana lasar yatsa. Ta kai ƙarshe, ta dawo farko. Kwana uku tana yi, har tukunya ta ƙone mata sau biyu.

"Babu ja a nan, Baban 'yan biyu. Ko ɗigo."

"Ki duba da kyau."

"Idon nawa ma so kake ya bi naka?"

Da gaskiyarta. Dakta ya riƙe ta asalin a jakarsa, hoto ya sa aka ɗauko masa, injin hoto kuwa bai san ja ba, komai baƙi yake mayarwa.

Ita ce ta kawo maganar Tela. Ƙwas-ƙwas ya ce gara ya faɗa wa rediyo. Ta ce mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya daina surutu ba, shi ne mai idon da ake nema. Ran Juma'a da la'asar, saura mako ɗaya cif, Ƙwas-ƙwas ya yi taku goma sha ɗaya zuwa shagon, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, teburin yanka a tsakaninsu.

"Yau kuma biro aka zo ba ni aro?" in ji Tela.

"Rufe ƙofar."

Ya faɗa masa a taƙaice, yana kallon wani wuri kusa da kunnen Tela. Keken ɗinki ya tsaya. Tela, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba ko a gidan makoki, ya daɗe yana murza alli a yatsa.

"Shi ya sa rannan ka gaida buhun gawayi," ya ce a hankali. "Na zaci girman kai ne ya sauka."

"Za ka duba ko ba za ka duba ba?"

"Miƙo."

"Ba a miƙa takardar ofis. Ni zan riƙe, ni zan buɗe. Kai dai ka duba inda aka taɓa da hannu."

Ya ajiye ta a gabansa, tafin hannu danne da gefe, yana buɗewa yana ƙirgawa a fili. Tela ya miƙe daga nasa ɓangaren ya sunkuyo. Aji biyu ya yi a makaranta aka kore shi saboda kwaikwayon tafiyar hedimasta, amma idonsa na gane ɗinkin da aka farke aka sake ko daga tsallaken titi. Suka wuce zobba, suka wuce tantabaru, Tela ya ce a gaishe su. A na arba'in da ɗaya ya ce, "Tsaya."

"Me ka gani?"

"Cikin akwatin nan na tsakiya. An cuccuɗe wani abu da biro har ya zama kamar ƙuda ya mutu. A gefe kuma an zana wani da hannu."

"Yaya yake?"

"Kamar ƙafar wando in an shanya. Tsini ɗaya, ƙafa biyu."

"Bakinsa ina yake kallo? Sama ko ƙasa?"

"Ƙasa. A kife yake, tsinin na sama."

"Ka tabbata?"

"Yaya, in ce maka wuyan riga ne ko hammata ban sani ba? A kife yake."

Ƙwas-ƙwas ya dawo da shafin a ransa. A kansa akwatin na nan sarai, kuma alamar da ke wurin dama kifaffiya ce. Me zai sa mutum ya kashe abu ya sake zana shi yadda yake? Ya juya maganar, ya sake juyawa. Wataƙila tsohon bugun ne ya dushe Dakta ya fito da ita. Wataƙila kuma kan nasa ne ya fara bin idon, ya tuna abin a juye. Wannan tunanin ya fi tsorata shi, sai ya kama abin da ya riƙe shi shekara talatin da huɗu.

"Abin da aka gani shi ake bugawa," ya ce, ya tattara takardunsa.

Kwana huɗu ya yi yana bugu. Masu wucewa ta matakala suna jin yatsun na zuba kamar ruwa a kwano. Ran Alhamis da safe ya kai wa Dakta shafi sittin da huɗu masu ɗumi, saura kwana ɗaya a wa'adi.

Ko awa ba a yi ba ya ji ƙafar na saukowa. Dakta ya shigo ya tura ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, shafi ɗaya na buɗe. Shi kaɗai na damu da shi."

"Na ga gyaran, Yallaɓai. Cikin akwati."

"Ka gan shi."

"Na gan shi."

Dakta ya daɗe a tsaye. Ƙwas-ƙwas na jin numfashinsa, yana jin ƙarar takarda. Can aka sa masa ɗaya a hannu.

"Ga na arba'in da ɗaya. Karanta min daga sama."

Ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar daidai fuska, ya fara. Bai yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Ya karanta kan magana, ya karanta misali na farko, ya faɗi har inda waƙafi yake, ya shiga akwati ya fita, ya sauka har lambar shafi. Tun da aka gina sashen ba a taɓa karanta shafin nan da kyau haka ba.

"Malam," in ji Dakta, muryar ta yi ƙasa, "takardar da ke hannunka fara ce. Daga cikin firinta na zaro ta."

Fanka ta yi juyi uku ko huɗu. Ƙwas-ƙwas ya ajiye takardar, ya daidaita gefenta da gefen tebur.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Takardun jarrabawar bara fa?"

"Na sa an karanta min. Ba a sami kuskure ba."

"Ba a samu ba." Dakta ya zauna a kan kwalin takardu, ƙashinsa na ƙara. "Amma a ɗakin nan ake buga jarrabawar yara dubu. Na sani yanzu, kuma ba zan iya komawa ban sani ba. Dole in kai sama."

"Wata bakwai ne, Yallaɓai. Ba su ma cika ba."

Ƙwas-ƙwas ya shafa madannan kwamfuta, ya cire hannu.

"To in tambaye ka abu ɗaya. Shekara ashirin da shida ina buga akwatin nan. Tsayayya da kifaffiya, me ya raba su har ake cuccuɗe takarda?"

Malami dai malami ne, ko a bakin kabari ka tambaye shi sai ya nemi alli. Dakta ya kama misalin da ya fi kusa da hannunsa, bai duba ko na waye ba.

"Ka ɗauka an ce aiki sai mai ido da hannu. Ido da hannu, duka biyu. Yaushe za a ce mutum bai cika sharaɗi ba?"

"In babu ido da babu hannu."

"Haka shafin ya yi ta faɗa, kuma ƙarya ne. In ka ƙaryata 'da', juyewa take ta zama 'ko'. Babu ido, ko babu hannu. Ba sai an rasa duka ba. Ɗaya ya..."

Nan ya ji abin da bakinsa ke faɗa, ya tsaya.

"Ɗaya ya isa," Ƙwas-ƙwas ya ƙarasa masa. Ya jinjina kai a hankali, kamar wanda aka nuna wa hanyar da ya shekara yana wucewa. "Ashe abin ba wuya. To da a tsohon shafin ne, Yallaɓai, da ina nan."

"Da kana nan."

"Kuma kai ka rubuta shi."

"Ni na rubuta."

Wasiƙar ta fito bayan mako biyu. Sakatariya ce ta buga ta, da kuskure biyu, ita ce kuma ta karanta masa. An gode masa, an sallame shi bisa dalilin lafiya, saura wata shida da kwana tara. Matashin kujera kawai ya ɗauka, da hoton takardar mai shafi sittin da huɗu, don ba wanda ya tambaye ta.

Da yammar ranar ya yi takunsa goma sha ɗaya zuwa shagon Tela, ya zauna a bencin, ya buɗe takardar a kan teburin yanka yana ƙirgawa har arba'in da ɗaya.

"Duba min kuma."

"A kife, Yaya. Ko gaban alƙali."

"To zagayo. Zo ka tsaya ta bayana."

Tela ya zagayo yana shirin wata tsokanar, ya leƙa ta kan kafaɗarsa. Alamar na nan a gefen akwati, tsaye, baki buɗe sama kamar mai jiran a zuba mata wani abu. Ya koma nasa ɓangaren ya duba. Ya sake zagayowa. Ashe rannan daga ɓangarensa a juye ya ga takardar.

"Yaya..."

"Ni na hana ka riƙewa," in ji Ƙwas-ƙwas. "Kai abin da ka gani ka faɗa." Ya rufe takardar. "Ɗinka abinka."

Littafin ya fito da shuɗin bango. Wata yarinya ce ta gyara shafin cikin minti ɗaya. An ce a gabatarwa Dakta ya gode wa mai bugu, amma ba wanda ya zo ya karanta masa.

Yanzu a bencin yake wuni, matashin a ƙarƙashinsa, yatsu na tafiya a kan gwiwa. Farar rigar na nan da gugarta, Maman 'yan biyu ba ta fasa ba, sai dai silifa yake ja, sunan ya rasa abin kamawa, yaran layin ma Baba suke ce masa. Tela na tsokanar kowa har yau, daga mai gawayi har mai unguwa, amma in aka miƙo masa takarda, ko ta awon wuya ce, sai ya tashi ya zagaya tebur kafin ya buɗe baki.

Wani lokaci ɗalibai kan biyo ta layin, in ya ji suna maganar diskirit sai ya kira ɗaya.

"Ɗana, kana da shuɗin littafin? Buɗe min arba'in da ɗaya, ka faɗa min ina alamar cikin akwati ke kallo."

Yaron zai buɗe, ya ja numfashi zai amsa, sai tsohon ya ɗaga hannu.

"Dakata tukuna. Ta wane gefe kake tsaye?"